TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI ALHAJI DOKTA MAMMAN SHATA KATSINA (1923–1999)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba baiwa a tsakanin bayinSa yadda Ya so, Ya ba wani ilmi, Ya ba wani mulki, Ya ba wani dukiya, Ya ba wani fasahar harshe, sa'an nan Ya sanya mutuwa ta zama ƙofa guda wadda kowa zai bi ya je ya yi bayanin abin da ya aikata da rabonsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

GABATARWA

Bayan haka, a ranar Juma'a 18 ga watan Yuni 1999, wadda ta yi daidai da kwanakin farko na watan Rabi'ul Awwal 1420 bayan hijira, labari ya bazu a ƙasar Hausa cewa Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Kano. Lokacin damina ta kankama, manoman Karfi da Malumfashi da Bakori da Funtuwa suna cikin hidimar gona, kuma da yawa daga cikinsu a bakin akwatin rediyo suka ji. Har yau akwai dattawa a wannan yanki da za su iya faɗin inda suke zaune da abin da suke yi sa'ad da labarin ya riske su, kamar yadda mutum yake tuna ranar da aka yi masa rasuwa a cikin gida.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya kawo tarihin mai kalangu cikin shafukan da aka saba jera tarihin malamai da bayin Allah? Amsa ita ce, mutumin nan a wannan ƙasa ya yi mafi yawan rayuwarsa, kuma da ya rasu mutane sun yi masa wani irin baƙin ciki da ba kasafai ake yi wa wanda ba sarki ba, ba malami ba. Abin da ya tara masa wannan ƙauna ya cancanci a dube shi da idon basira, a ɗauki abin da ke cikinsa na darasi, a kuma faɗi abin da ke cikinsa na gyara, ba tare da ƙari ko ragi ba.

HAIHUWARSA DA NASABARSA

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, kuma ta wajen uwa da uba duka jinin Fulani ne. Kamar kowane ɗan Musulmi na wancan zamani, an sa shi makarantar allo yana ƙarami, ya samu abin da zai yi salla da shi. Bai shiga makarantar boko ba.

Babu makaɗi ko maroƙi a cikin kakanninsa. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan mahauci a mahauta, ɗan makaɗi kuma ya tashi da ganga a rataye. Wanda ya shiga sana'ar da bai gada ba ana ce masa ɗan haye, kuma ba a ganinsa da daraja ko a wajen masu sana'ar kansu. Saboda haka da mahaifinsa ya ga yaron ya karkata ga waƙa, sai ransa ya ɓaci ƙwarai, domin a wurinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da mutunci ne ga ɗan gidan da ba a san su da shi ba. Burinsa shi ne yaron ya zama manomi ko ɗan kasuwa. An yi faɗa, an yi horo, amma zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

ASALIN SUNAN SHATA

Sunan da ya rufe sunansa na yanka ya samo asali ne tun kafin ya shahara da waƙa. Yana saurayi an sa shi tallar goro. Idan ya sayar, sai ya riƙa rabar da kuɗin ga mutanen da ya gamu da su a kasuwa ko a hanya, ya komo gida hannu rabbana. In an tambaye shi ina kuɗi, sai ya amsa cewa ya yi shata da su, wato ya watsar da su ga jama'a. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya riƙa kiransa Mai-shata, har sunan ya bi shi, aka taƙaita shi ya koma Shata.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan labari, domin shi ne mabuɗin rayuwar mutumin baki ɗaya. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Yaron da ya kasa riƙe kuɗin goro shi ne dattijon da daga baya aka ba shi dawakai da riguna da motoci, kuma waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa abin hannunsa bai taɓa rufe masa ido ba.

FARKON WAƘARSA

A dandalin Musawa ya fara, inda samari da 'yan mata suke taruwa da dare bayan an gama aikin yini, ana kiɗa ana wasa, ba don kuɗi ba. Nan aka fara gane cewa Allah Ya yi masa murya mai kaifi da saurin shirya magana, ta yadda duk saurayin da ya kara da shi sai ya bar masa fage. Da ya bar tallar goro ya koma sayar da alewa, yana yawo da ita kasuwa-kasuwa yana waƙa don ya jawo masu saye. Sannu a hankali sai jama'a suka fi zuwa don waƙar fiye da alewar, har ya ajiye faifan talla ya fuskanci abin da aka halicce shi da shi.

Daga Musawa ya koma Bakori, garin Makaman Katsina. Wanda ya jawo shi can shi ne Malam Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda yake aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa a Bakori. Wannan hijira ita ce ta shigo da shi tsakiyar ƙasar noma ta kudancin Katsina, inda kuɗin auduga yake faɗowa hannun talaka da kaka, a yi bukukuwan aure da na suna, a nemi makaɗa. A Bakori ya yi aurensa na farko, daga nan kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa Katsina da Zariya da Kano da sauran garuruwa.

A shekarar 1952, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani gagarumin biki a Kano wanda aka sani da Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda. Makaɗa sun hallara daga ko'ina. Wasan da Shata ya yi a wannan biki shi ne ya fito da sunansa daga matsayin mawaƙin ƙauye zuwa wanda manyan birni suke nema.

ZAMANSA A FUNTUWA

A shekarar 1960, shekarar da Nijeriya ta samu 'yancin kai, ya tare a Funtuwa, mazaunin Sarkin Maska. Funtuwa gari ne na mahaɗar hanyoyi: ga jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, ga hanyar mota ta Sakkwato, ga wadda ta bi ta Malumfashi zuwa Katsina, ga injin gurzar auduga da ya tara 'yan ƙwadago da direbobi da fatake daga kowace nahiya. Mutum mai son jama'a da tafiya ba zai samu mazaunin da ya fi wannan dacewa da shi ba. Ko da yake ya mallaki gidaje a wasu garuruwa, Funtuwa ce gidansa har kusan shekara arba'in, zuwa ƙarshen rayuwarsa. Wannan ne ya sa mutanen wannan yanki suke ɗaukarsa nasu, ko da yake ana laƙaba masa Katsina, cibiyarsa kuma tana Musawa.

KIƊANSA DA SALON WAƘARSA

Kalangu shi ne abin kiɗansa. Ganga ce mai siririn ciki da baki biyu, an rufe kowane baki da fata, an haɗa su da tsirkiya. Makaɗi yana rataya ta a hammata, idan ya matse tsirkiyar sai sauti ya hau, idan ya sassauta sai ya sauka, ta haka kalangu yake iya bin hawa da saukar maganar Hausa har mai saurare ya ji abin da yake faɗa. A al'ada kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina suna da kotso da taushi, kayan kiɗan da aka keɓe wa sarauta. Shata ya ɗauki gangar talakawa ya shiga da ita fadar sarakuna, aka kuma karɓe shi.

Yadda yake waƙa shi ne, yana ba 'yan amshi gajeren amshi guda, su riƙe shi, makaɗa su ɗauka, shi kuma ya riƙa zuba ɗiyan waƙa a kai gwargwadon abin da ya gani a wurin da abin da ya zo masa a zuci. Ba ya rubutawa, ba ya zama ya yi bita. Shi ya sa waƙa guda idan ya yi ta a Kano ya sake yin ta a Kaduna, sai a ji amshi ɗaya ne amma ɗiyan sun sha bamban. Yawan waƙoƙinsa kuwa, shi kansa bai san adadinsu ba, domin da yawa an yi su ne a bukukuwan ƙauye tun kafin na'urar ɗaukar magana ta yawaita, suka tafi da iskar daren da aka yi su.

Da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, aka kuma shiga zamanin faifan garmaho, daga baya na kaset, sai muryarsa ta isa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ta shiga Maraɗi da Damagaram, ta shiga zangon Hausawa na Kumasi da Ankara, ta shiga Kamaru da Cadi da Sudan. Shi kansa ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Ingila da Amurka, ya kuma sauke farali a Makka.

WAƊANDA YA YI WA WAƘA

Makaɗin fada yana da ubangida ɗaya, ba ya waƙar kowa sai da izninsa. Shata bai ɗaure kansa a ƙofar kowa ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce ta Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, wanda kuma amincin da ke tsakaninsu ya wuce na mawaƙi da mai kyauta. Ya yi wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Ya yi wa hakimai da attajirai da 'yan siyasa da sojoji, musamman a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Amma abin da ya bambanta shi da saura shi ne yadda ya ɗauki mutanen da ba su da sarauta ba su da tarin dukiya ya sa sunayensu a bakin duniya. Direba ya samu waƙa, dogari ya samu, mai abinci ta samu, ɗan kasuwar ƙauye ya samu. Waƙoƙi irin su ta Bawa Direba da ta Hassan Sarkin Dogarai da ta Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu sun sa yaran da aka haifa bayan rasuwar waɗannan mutane sun san sunayensu. Wanda ya yi masa alheri komai ƙanƙantarsa, ko masauki ne, ko ruwan sha a hanya, yana iya jin sunansa da na garinsu a cikin waƙa bayan shekaru. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Katsina da Kano da Zazzau an fara jin sunansu a rediyo ne daga bakinsa.

Bai tsaya kan mutane kaɗai ba. Ya yi waƙar farkar da 'yan Arewa daga barci su tashi su nemi na kansu. Ya yi waƙoƙin noma. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11, ya kawo wa manomin da bai taɓa ganin jirgin sama a ƙasa ba labarin abin da ake ciki a duniya. Sa'an nan ga Bakandamiya, wadda a cikinta yake yi wa kansa kirari yana lissafa garuruwan da ya taka da mawaƙan da ya kara da su, wadda kuma masana suke ɗauka ita ce uwar waƙoƙinsa.

ABIN DA YA SHAFI ADDINI A WAƘOƘINSA

Shata bai taɓa kiran kansa malami ba, kuma ba sha'irin bege ba ne irin masu mandiri ko masu ƙasida. Duk da haka yana da waƙa sananniya ta tsayuwa ga Annabi Muhammadu (SAW), wadda har yau idan aka sa ta a rediyo a watan Maulidi ake ganin dattawa sun yi shiru suna salati. Haka nan waƙarsa ta kiran mata su yi aure, a cikin amshinta ya haɗa su da girman salla da na Salatul Fatihi, har wannan salati mai albarka ya riƙa fita daga bakin mutanen da ba su taɓa zama a da'irar zikiri ba. Ambaton Allah da ƙaddara da gushewar duniya suna yawan faɗowa a tsakiyar waƙoƙinsa, ko da waƙar ta attajiri ce ko ta basarake, kamar mai tunatar da wanda ake yabo cewa abin da ke hannunsa aro ne.

ABIN DA MALAMAI SUKA ƘI

Ɗan'adam tara yake bai cika goma ba, kuma tarihin da ya ɓoye wannan gefe ya zama kirari. Malamai tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suna da magana a kan kiɗa da roƙo, musamman inda ake cuɗanyar maza da mata da yabon mutum da abin da ba shi da shi. Wuraren da Shata ya yi wasa ba duka ne mai tsoron Allah zai so a gan shi ba. Yana da waƙar shan ruwa wadda kowa ya san ruwan da ake nufi, malamai kuma sun yi tir da ita tun yana raye. Yana da zambo mai zafi, irin na waƙar Gagarabadau, wanda idan ya sauka a kan mutum sai ya bi shi har zuriyarsa. Harshen da ya ɗaukaka direba da dogari shi ne kuma ya sa manya suke shakkar ɓata masa rai.

Ba a kawo wannan don a tone asirin mamaci ba, domin abubuwa ne da ya yi a bainar jama'a, kuma an umurci Musulmi da ambaton alherin waɗanda suka riga su. An kawo shi ne domin matasa masu tasowa da baiwar murya su san cewa kowace kalma da aka ɗauka a faifai tana nan tana aiki bayan mai ita ya kwanta dama, mai kyau tana jawo masa addu'a, maras kyau kuma tana bukatar a nema masa gafara. Hukuncin bawa yana wurin Ubangijinsa, wanda rahamarSa ta yalwaci komai.

SIYASA DA LAMBOBIN GIRMA

Ya taɓa siyasa a lokuta daban-daban. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa take ƙarƙashinta a lokacin, cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma bai daɗe ba aka sauke shi saboda saɓani da manyan jam'iyyar, domin mutum ne wanda ba ya iya haɗiye magana.

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta a 1988. Tun kafin wannan, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka. Wannan shi ne yaron da mahaifinsa ya ji tsoron zai zubar da mutuncin gida.

JINYARSA DA RASUWARSA

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya mai tsawo. An kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda ta ƙasar Saudiyya, ya samu ɗan sauƙi ya dawo, sa'an nan ciwon ya sake tashi. Ya cika a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'ar da aka ambata a farko, yana da shekara 76, mako uku bayan komawar Nijeriya mulkin farar hula.

Mutanen Musawa suna da hujjar a kai shi mahaifarsa, mutanen Funtuwa suna da hujjar a kawo shi gidansa, Kanawa kuma a hannunsu ya cika. Amma shi ya riga ya bayyana burinsa tun yana raye, cewa a rufe shi a Daura, garin amininsa Sarki Muhammadu Bashar. Aka cika masa wannan buri. A ranar aka ɗauki gawarsa zuwa Daura, Sarki da kansa ya halarci jana'iza, jama'a kuma suka yi ta kwarara daga Kano da Katsina da Funtuwa da sauran wurare, kowa da abin hawan da ya samu.

A nan akwai abin lura ga mai hankali. Mutumin da ya shafe sama da shekara hamsin duk inda ya sa ƙafa kalangu yana gabansa, maroƙa suna yi masa kirari, ranar da aka fi taruwa dominsa ba a buga ganga ko ɗaya ba. Makaɗansa da 'yan amshinsa sun tsaya a sahu kamar kowa, hannu babu komai. Likkafani fari, kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada, aka sallame, aka kai shi makwancinsa aka mayar da ƙasa. Basarake da direba, attajiri da ɗan dako, waɗanda ya yi wa waƙa da waɗanda suka saurara kawai, duk kafaɗa da kafaɗa, abin da kowa yake iya ba shi a wannan rana ɗaya ne, wato addu'a.

Kwanakin da suka biyo baya gidansa na Funtuwa ya cika da masu ta'aziyya. Gidajen rediyo na Arewa da sassan Hausa na rediyoyin ƙasashen waje suka yi ta sa waƙoƙinsa da tarihinsa. A tashoshin mota da rumfunan masu shayi da majalisun ƙofar gida, sai a ga mutane sun kewaye rakoda, wannan ya ba da labarin ranar da ya gan shi a bikin wane, wancan ya faɗi kyautar da ya ga ya yi, a yi dariya a kan wata magana tasa, can kuma a yi shiru, wani ya share hawaye ya ce Allah Ya jiƙansa, a amsa da amin. Makoki da tuna alheri suka haɗu a zama ɗaya.

Irin wannan ya taɓa faruwa a wata ƙasar Musulmi. Da Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, ta rasu a watan Fabrairu 1975, jama'ar Alƙahira sun cika tituna har suka karɓe makarar daga hannun masu ɗauke da ita suka nufi masallacin Sayyidina Husaini da ita. Ita ma 'yar ƙauye ce, ita ma tana da waƙoƙin yabon Manzon Allah (SAW) a cikin tarin waƙoƙinta na duniya. Mutane ba sa yi wa murya kaɗai irin wannan rakiya. Suna yi ne ga wanda suka ji cewa da bakinsu yake magana.

BAYAN RASUWARSA

Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya bi amininsa a 2007. Mafi yawan waɗanda Shata ya yi wa waƙa su ma sun riga mu gidan gaskiya. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, Dokta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara kuma ya biyo da nasa mai suna Mahadi Mai Dogon Zamani. Garmaho ya wuce, kaset ya wuce, amma waƙoƙin sun koma cikin wayoyin hannu, jikokin waɗanda suka gan shi a dandali suna saurare a gona da kasuwa da cikin mota. Idan watan Yuni ya zagayo, masoyansa sukan tuna da shi a rediyo da jaridu, su yi masa addu'a.

DARASI

Ya ku 'yan'uwa, ya zo a hadisi cewa an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta da alheri, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa shaidar muminai a bayan ƙasa abar lura ce a wurin Allah. Hausawa ma sukan ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Abin da mutane suka fi shaidar Shata da shi abu biyu ne: bai riƙe abin hannunsa ba, kuma bai raina ƙaramin mutum ba. Ya tuna sunan wanda duniya ba ta damu da sunansa ba, ya gode wa wanda ya yi masa alheri a gaban jama'a. Waɗannan halaye biyu, kyauta da godiya, suna cikin abin da malaman tarbiyya suke shafe shekaru suna dasawa a zukatan almajiransu, ga shi Allah Ya sanya su a zuciyar mai tallar goro tun yana yaro.

Wanda aka ba ilmi, da wanda aka ba gona mai albarka, da wanda aka ba kujera, kowa ya dubi nasa rabon ya tambayi kansa: mutum nawa ne suka amfana da shi, kuma ranar da aka ɗauke shi a makara, me waɗanda suka tsaya a sahu za su tuna? Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, Ya yafe masa kurakuransa, Ya karɓi kyawawan ayyukansa, Ya sa ƙaunar da ya nuna wa Fiyayyen halitta ta zame masa ceto. Allah Ya jiƙan iyayensa da makaɗansa da 'yan amshinsa da suka rasu, Ya albarkaci zuriyar da ya bari. Allah Ya zaunar da ƙasar Karfi da Malumfashi da Funtuwa da Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya lafiya, Ya ba da damina mai albarka, Ya mayar da kowane baƙo gidansa cikin aminci, Ya kyautata ƙarshen kowa, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.